Kwalbar Rayna Ta Ƙi Yin Sanyi

Malama Tsvetana ta fara koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar ƙauyensu tun gashinta yana baƙi wuluk. Ƙauyen yana kan duwatsun Balgeriya, matasa sun watse birni, ɗalibai sai raguwa suke. Mace ce mai faɗa, amma faɗanta ba ya kwana. A shekararta ta ƙarshe shugaban makaranta ya gaya mata cewa in ba a sami ko ɗalibi ɗaya da ya zaɓi darasinta a jarrabawar fita ba, ɗakin gwajin zai koma ma'ajiyar itace. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Duk fatanta yana kan ɗalibarta Rayna, yarinya mai kai amma mai saurin karaya.

Kofunan gwaji sun daɗe da ƙarewa, don haka Malama ta sa kowa ya zo da kwalbar kindirmo a cikin rigarta ta ulu, yadda tsofaffi ke naɗe ta don riƙe ɗumi. Za a zuba ruwan tsami na khal da garin soda a tsoma ma'aunin zafi, a ga yadda haɗin ke shanye zafi. Ma'aunin kowa ya sauka sosai, na Rayna da ƙyar ya motsa. Washegari ma haka. Yarinya ta ce ita ta haƙura, kanta ba na wannan ba ne.

"Kanki ƙalau yake, rigimarki ce ta yi yawa," in ji Malama. "Wa ke shirya miki kwalbar?"

Rayna ta ce kakarta ce. Malama ta umarce ta da ta sa hannu cikin ulun. Ta sa, ta ji ɗumi. Can sai ta fashe da dariya: ashe tsohuwa, da ba ta taɓa zuba komai a kwalba mai sanyi ba, gasa ta take yi a gefen murhu kafin ta naɗe, kamar za ta kwantar da madara. Da bakinta Rayna ta bayyana wa ajin cewa ɗumin gilashin ne ke mayar da zafin da haɗin ya sha.

Da aka tashi ta tsaya wanke kwalabe, ba wanda ya sa ta.

"Malama, jarrabawar nan tana da wuya?"

"Sosai ma."

"To, gobe da wuri zan zo. Kaka kuwa ba za ta ƙara taɓa min kwalba ba."