Gonar Kawu Nomau, Layi na Arba'in da Ɗaya

Mun tashi da asuba daga gida, ni da yayana, amma motar ba ta bar tashar Sabon Birni ba sai da rana ta ɗaga. Wanda bai san hanyar garin Isa ta yanzu ba zai ce direban malalaci ne. Ba lalaci ba ne, ba wanda ke son tasa ta zama motar farko. Ana jira wata ta shigo daga can, a duba fuskar direbanta, in yana wasa da mutane sai a ce bismillah. Kafin nan na sha kunu da ƙosai, kwamfutata tana kan cinyata cikin zane biyu. Yayana ya ce in an tambaye shi zai ce jaririya ce, sai dai ba ta kuka.

'Yan ajinmu da kunka dame ni da tambaya, ku yi haƙuri. Kwana huɗu ke nan da dawowarmu, sai yau na iya zama in rubuta muku.

Abin da ya kai mu shi ne kakata ta wajen uwa. Shekara biyu ke nan tun da mutanen daji sunka tashi ƙauyensu da ke gefen Turba, tana zaune Isa a ɗaki guda cikin gidan wani ɗan uwa. Ita ce ta rage cikin waɗanda sunka san iyakar kowace gona a ƙauyen. Ta aiko wa Innarmu cewa a turo mata 'yar bokon nan ta rubuta, don kar ranar da za a koma 'yan uwa su kama wuyan juna a kan kunya biyu ta gona.

Kuɗin mota ya kusan ninka na bara, kuma mu huɗu ne a kujerar mutum uku. Gero ya yi tsawo har ya fi motar. Da can abin murna ne, yanzu kowa kallonsa yake ta gefen ido. Wani ɗan kasuwa da ke gaba, mai ɗauke da dabino da cuku daga Nijar, shi ya riƙe mu da surutu, yana rantsuwa fetur ɗin kwalba ya fi na gidan mai gaskiya. Ba wanda ya yarda, amma kowa ya ji daɗin gardamar, don ta hana mu sauraron daji.

Mun isa kafin azahar. Na sami Kaka tana tsince wake a faifai. Ta dubi abin da na kwance daga zane, ta ga batirinsa ɗaure da robar taya, ta ce, “Wanga kwano mai ɗaurin karaya shi za ya riƙe gonakin gari guda? Ke da shi duk ba ku da ƙiba.”

Gaskiyarta. Kwamfutar gwanjo ce, in na buɗe manyan manhajojin rubutu sai ta yi ta nishi batirin ya zube. Shi ya sa na yi aikin da Vim, ƙaramar manhajar rubutun da malamarmu ta tilasta mana muna ƙunƙuni: baƙin allo, ba hoto, ba linzami, amma caji ɗaya daga shagon mai sola yana kai ni yini. Ga waɗanda ba su saba ba, abu uku ne farko. Ki danna i ki yi rubutu. Ki danna Esc ki fita daga rubutu. Ki buga :w ki adana. In kin ga kina bugawa haruffa ba su fitowa, ko layuka suna ɓacewa, ba aljani ba ne, kin manta i ne. Danna Esc, danna u har abin ya koma yadda yake.

Tun a gida na gyara ɗan fayil ɗin saituna, .vimrc. Na sa set number don kowane layi ya sami lamba. Na sa inoremap ;k ƙ, wato in na buga ;k sai ƙ ta fito, haka na yi wa ɗ da ɓ, saboda madannaina ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Idan sun fito miki kamar tsutsotsi, ƙara set encoding=utf-8 a can sama.

Munka ci tuwon gero da miyar kuka, munka fara. Kaka ta rufe ido, ta shiga ƙauyen da ƙafarta daga gabas. Gonar wane, daga tsamiya mai kogo zuwa suri, kudu ta tsaya ga layin gamba. Gonar wance, daga bakin burtali zuwa gawo biyu, amma gawon na biyu ba nata ba ne, inuwarsa kawai take ci. Kowace gona na ba ta layi guda: sunan mai ita, ɗigo biyu, sai iyaka. Wani wurin ta tsaya ta ba ni labarin wanda ya taɓa matsar da gamba a ɓoye har akuyarsa ta tona shi. Na ce in rubuta? Ta ce a'a, jikokinsa suna da kirki.

Mun kai gona sittin da wani abu sai ta ce in karanta mata. Ina karantawa ta ɗaga hannu.

“Ke, haka anka koya maki? Ki kira sunan mamaci tsirara, ba addu'a?”

Ni kuma ina so in burge ta. Na ce Kaka bari ki ga aiki. Maimakon in bi layi-layi, sai na buga umarni guda, :%s/:/, Allah ya jiƙan shi:/ wanda ke cewa a bi fayil ɗin duka, duk inda anka ga ɗigo biyun nan a sa addu'ar kafinsu. Ƙiftawar ido an gama. Na buga :w na adana, ina jin kaina. Ban tsaya na tuna cewa ba duk masu gonakin ne sunka rasu ba.

Na ci gaba da karantawa da ƙarfi. Yayana yana dariya a bakin ƙofa da ya ji an yi wa wani maƙwabcin Kaka addu'ar matattu alhali ɗazu munka gan shi yana sayar da rake. Ni ma na yi dariya. Bakina yana gaba da hankalina har na kai layi na arba'in da ɗaya, na ji kaina ina cewa, “Gonar Nomau, Allah ya jiƙan shi.”

Kawu Nomau shi ne autan Kaka. A gonar nan mutanen daji sunka ɗauke shi da ya lallaɓa ya koma noma, wata goma sha huɗu ke nan. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo labari ba.

Faifan ya tsaya a hannunta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce a hankali, “Wa yac ce maki ya rasu? Injin ɗin ya gane shi?”

Na danna u. Duk addu'o'in sunka ɓace lokaci guda, na juya mata allon ko da yake ba ta karanta boko. Na ce Kaka na goge, wallahi na goge, kuskurena ne. Ta dubi baƙin gilashin, ta ce, “To shi bai san tambaya ba?”

Ashe ya sani, ni ce ban sa shi ba. In kin ƙara harafin c a ƙarshen umarnin, sai ya tsaya a kan kowane layi ya jira ki: y in a sa, n in a bari. Haka munka sake bi. Ina kiran suna, Kaka tana cewa “ya riga mu” ko “yana nan”, ina dannawa. Na mata kuma na gyara da hannu. Ban taɓa jin ƙauye ya wuce ta gabana haka ba, rayayyu da matattu a jere. Da munka zo kan Kawu ban kira sunan ba. Ita ta ce, “Yana nan.” Na danna n.

Don sauran aikin na ƙara layi biyu a saitunan, iabbrev ajs Allah ya jiƙan shi, da ajt na mata. Haruffa uku kawai za ni bugawa, addu'ar ta fito cikakka, kuma sai inda na kira ta. Kaka ta ce yanzu kwanon ya fara tarbiyya. Munka yi fadama duka, da rijiyoyi uku, da maƙabarta, har la'asar sakaliya. Wata Bafulatana mai nono, ita ma an kore su daga rugarsu, ta zauna tana gyara wa Kaka inda burtali ya karkata, suna musu suna tsokanar juna kamar ba abin da ya same su. Kaka ta gaji, muryarta ta dushe. Na rufe murfin kwamfutar haka nan. Tun daga layin Kawu jikina bai koma daidai ba, kuma ban sake buga :w ba.

Da safe ta ba ni ƙullin wake da daddawa, ta ce in ci in yi ƙiba, ta kama kunnena ta ce kar in ɓatar mata da gari.

Ba za ni iya faɗin daidai inda abin ya faru ba. Mun yi kamar rabin hanya. Wani ɗan kabu-kabu ya taho a guje yana kaɗa hannu yana cewa a koma, sai munka ji harbi a gaba, ba nisa. Direba ya saki titi ya faɗa cikin gona. Yayana ya fizge ni, na faɗi, ƙunshin kwamfutar ya tashi daga hannuna ya ɗan warware, na rarumo shi munka kutsa cikin gero munka kwanta. Ƙasar tana da ɗumi. Tururuwa tana bin wuyana ban iya kore ta ba. Wata tsohuwa da ban sani ba ta ɗora tafinta a bayana tana ta Hasbunallahu, duk lokacin da na motsa sai ta danna ni. Abin da ke kaina kawai shi ne, a irin wanga wuri anka ɗauki Kawu, da rana haka, cikin gero haka.

Ban san tsawon lokacin ba. Yayana ya ce bai kai awa ba. Da motoci sunka fara wucewa munka fito, ba wanda ya ji ciwo a motarmu sai ƙaya. Abin da ya faru a gaba kowa da irin labarinsa, ni ban gani ba. Mai dabinon jiya, da munka sake haɗuwa da shi a mota ɗaya, ya rarraba mana ragowar dabinonsa. A mota na kwance zanen na ga robar ta tsinke, batirin babu. Yayana ne ya ciro shi daga aljihu, ya ce ya tsince shi a cikin kunya.

Mun shiga gida bayan azahar. Innarmu ta rungume ni tana shafa kaina kamar yarinyar goye. Sai da na yi wanka na yi salla sannan abin ya faɗo mini: batiri ya fita, kwamfuta ta mutu, kuma abu na ƙarshe da na adana shi ne wancan, mai yi wa Kawu addu'ar matattu. Babu fadama, babu rijiyoyi. Kuma ban ga ranar da za ni sake bin hanyar nan ba, ban san ko muryar Kaka za ta jira ni ba.

Na mayar da batirin, na ɗaure da sabuwar roba. Ta kunnu. Na buɗe fayil ɗin sai allo ya cika da gargaɗi da Turanci, da zaɓi a ƙasa. Ni a firgice nake, duk abin da ya yi kama da gargaɗi so nake ya tafi, yatsana har ya hau D. Allah ya sa na kira malamarmu.

“Cire hannunki daga nan,” ta ce. “Kin cire? Zauna a kansa.”

Ta bayyana mini cewa Vim yana ajiye wani ɓoyayyen fayil mai ƙarewa da .swp, yana zuba abin da kike bugawa a ciki duk bayan 'yan daƙiƙu, ko ba ki adana ba. In wuta ta yanke, shi ke nan yana jira. D share shi yake. R ke dawo da aikin. Ta ce in danna R, in duba da idona, in adana, sannan ne kawai za ni share na .swp ɗin don gargaɗin ya daina fitowa.

Na danna R. Na gangara ƙasa: ga fadama, ga rijiyoyi uku, ga inda Bafulatana ta gyara burtali. Sannan na buga :41, ya kai ni layin Kawu.

Gonar Nomau, ɗigo biyu, daga aduwa zuwa bakin rafi, yamma ta tsaya ga gonar uwarsa. Ba komai a bayan sunan.

Na buga :w sau uku, ko da yake ɗaya ya isa. Innarmu tana tsaye a kaina tana tambaya mi ya faru, sai na nuna mata layin. Ita ta iya karatu. Ta karanta sunan ƙanenta, ta koma kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Na ƙara autocmd InsertLeave * update a saitunana, yanzu duk danna Esc adanawa ne. Na kwafi fayil ɗin a waya da filashi, yayana ya kai an buga a takarda. Gargaɗi kuma a karanta shi kafin a kore shi. Har yanzu in ƙofa ta buga da ƙarfi sai na sami kaina a durƙushe, Innarmu ta ce zai wuce. Umarnin da zai taɓa layuka da yawa kuwa, ban ƙara buga shi babu c ba, ko a aikin aji ne.

Jiya munka sami Kaka a wayar ɗan uwan nan. Na ce mata garinta yana nan, ba abin da ya ɓace. Ba ta tambayi harbin ba, an ɓoye mata. Ta ce, “Na Nomau fa?” Na ce yana nan yadda kinka ce. Ta ce to, in bar mashi wuri a ƙarshen layin, in ya dawo shi zai faɗa mini ko aduwar tasa ce ko ta maƙwabci, don ita ma nan ɗin ba ta tabbata ba.