Hawan Kibo a Ƙafa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direban tirela ne tun kafin a haife ni. Rabin rayuwarsa a hanyar Jos zuwa kudu ya ƙare. Da idonsa ya fara hazo, likita bai ɓoye masa ba: jijiyar ce take mutuwa, babu aikin da zai dawo da ita, ɗan ganin da ya rage ma tafiya yake yi. Kawu ya ajiye mukulli, ya zauna a gida a Tudun Wada yana faɗa da kowa.

Wata rana, ƙarshen damina, sai ga shi a shagona na ɗinki a kasuwar Terminus.

“Kai tela, rufe keken nan. Za ka raka ni Hawan Kibo.”

Hawan Kibo shi ne inda tudun Filato ya ƙare, hanya ta gangara tana lanƙwasa har ƙasa. Na ce to, gobe mu je tasha.

“Wace tasha? A ƙafa.”

Na yi dariya, shi bai yi ba. Na san dai Kawu ba ya zama lafiya a motar wani. Taka burki yake yi a ƙasa, yana koya wa direba tuƙi, har an taɓa sauke shi a tsakiyar hanya. Amma tafiyar kwanaki a ƙafa? Haba!

“Na hau wurin nan na sauka ba adadi,” in ji shi, “ban taɓa ganinsa ba. Yaran mota suna ta cewa oga duba kyau, ni idona yana kan kwalta, ƙafata tana kan burki. Direban da ya ɗaga kai a Hawan Kibo, sai dai a tsinto shi a ƙasa. Ina son in tsaya da ƙafata in kalle shi kafin a kashe mini fitila.”

Me zan ce? Na rufe keke. Mahaifiyata ta yi ta faɗa, ta ce hanyar ba wurin yawo ba ce a shekarun nan, sannan ta soya mana nama ta ƙulle a leda.

Kayanmu tsohon tamfol ɗin motarsa ne, da bargo, da buta, da ƙaramar tukunyar shayi. Ni ne jakin. Kafin mu fita Bukuru ƙafata ta yi bororo, ina tafe ina tsine wa takalmin roba. Tsohon nan kuwa gaba yake yi da sandarsa, ko haki babu. Sojojin da ke shingen hanya suka tambaye mu ina motarmu, da suka ji labari suka yi ta dariya, ɗaya ya ba Kawu lemo.

Sai da gari ya ƙare na daina mita. Wallahi a nan aka haife ni, amma ban san Filato ba. Ta tagar mota duk abu ɗaya ne, kore ya wuce. A ƙafa kuwa, ga tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa shuɗi, shiru, ko motsi ba ya yi. Ga gonakin acca sun nuna, iska tana kwantar da su tana tayarwa. Sama ta yi faɗi har sai da na ji tsoro.

Da yamma ta yi sanyi ya sauko, irin mai shiga ƙashi. Na fara shimfiɗa tamfol a kan ciyawa, Kawu ya daka mini tsawa.

“Ɗan birni! Raɓa za ta jiƙa ka. Zo nan, taɓa.”

Ya ɗora hannuna a kan wani faffaɗan dutse. Ɗumi! Ranar da ya sha tun safe tana nan a jikinsa, kamar an sauke tukunya daga murhu. A kansa muka kafa tamfol, muka yi magariba, muka sha shayi. Na kwanta bayana yana gasuwa, hancina yana daskarewa, ina mamakin ikon Allah.

Kowace safiya Kawu yana gwada idonsa. Zai nuna wani abu da sanda, ya ce, “Wancan gida ne ko dutse?” Da farko yana cin rabi. Daga baya ya nuna saniya ya ce dutse, ya ji ban ce ya ci ba. Tun daga nan ya ƙara sauri, ya hana mu hutun azahar.

Kusa da Riyom, inda duwatsu suke ɗore kan juna kamar ka hura su faɗo, wata tsohuwa ta fito daga shingen ƙyarana da gicciye a wuyanta.

“Baba, mota ya lalace?”

“Direban ne ya lalace,” in ji Kawu.

Ta kawo mana gwate, faten acca mai zafi, a kwano, ta ce mu kwana a bayan shingenta, can iska ba ta bugu.

Mun isa bakin Hawan Kibo da sassafe. Muka bar kwalta, na riƙe hannunsa muka hau wani tudu. Da na ɗaga kai, salati ya kuɓuce mini. Babu ƙasa. Gajimare ne a ƙarƙashin ƙafarmu, fari fat, shimfiɗe har iyakar gani, mu muna samansa.

Kawu ya daɗe yana ƙifta ido.

“Fari kawai nake gani,” ya ce a hankali.

“Kawu, farin ne! Gajimare ne. Ni ma shi kaɗai nake gani.”

“Ka rantse?”

Na rantse. Fuskarsa ta washe, ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa muna kallon abu ɗaya.

Can rana ta ɗago, gajimaren ya fara yayewa. Kwari ya fito, zurfinsa har jiri ya ɗebe ni. Tsaunuka bayan tsaunuka, kore, shuɗi, rafi yana walƙiya, tireloli a ƙasa ƙanana kamar ƙwaro. Na damƙe hannun Kawu ban sani ba. Na juyo na dube shi. Murmushin yana nan, idonsa yana inda yake, bai ga komai ya sauya ba. Amma ya ji hannuna.

“Ya buɗe ko?”

Hawaye ya zubo mini.

“Ya buɗe, Kawu.”

Ya gyaɗa kai. Sannan ya lalubo haɓata da tafinsa mai kanta, ya juya mini fuska wajen kwarin.

“To daina kallona. Can za ka kalla.”