Safiyar Baba Jauro

Ban taɓa mantawa da ranar da aka shigo da Baba Jauro ɗakinmu na asibiti ba, a daminar da na kusa ritaya. Ku yaran yanzu masu satifiket, ku saurara. Ni firamare aji huɗu na tsaya, muƙamina mai tura gadon marasa lafiya, amma in Turanci ya ƙare wa likita, ni ake kira. Wato ni ne farfesan tafinta, ba albashi.

Baba Jauro makiyayi ne daga bayan unguwar Kukuo. Hoto ya nuna ciwon daji a ƙwaƙwalwarsa. Ƙa'idar aikinmu ita ce, ba a yi wa mutum tiyata sai an gaya masa amfani da haɗari, ya maimaita da bakinsa, sannan ya zaɓa. Babban ɗansa, Sale, ya ce kan tsoho ya riga ya tafi, shi Sale za a tambaya.

Likitar, wata 'yar Kumasi, ta ce sai ta gwada. Da la'asar ne. Baba ya kira ta da sunan marigayiyar matarsa, ni kuma ya ce in kore shanu daga ƙarƙashin gado. Na leƙa, don girmamawa. Sale ya ce, “Kun gani?”

Likita ta ce mai irin wannan ciwo kansa yakan washe, yakan rufe. Mu dawo da safe, bayan allurar rage kumburi.

Da safe ta yi bayani, na juya masa. Ya maimaita tsaf: in an buɗe kan, maganarsa tana iya tafiya, in an bari, kwanakinsa ba yawa. Ya ce a yi aikin. Sannan ya kama hannuna.

“Ɗana, gaya mata na san kaina yana zuwa yana tafiya. Ran da bai dawo ba, a tambayi Habiba.”

Habiba autarsa ce, mai sayar da nono a unguwar Lamashegu. Sale ya ce, “Baba, ina raye?”

“Kana raye. Amma ita takan bari in gama magana.”

Washegari likita ta sake tambayar Baba, amsar ba ta canza ba.

Bayan tiyata maganar ta tafi. Duk shawarar da ta biyo baya, Habiba aka tambaya, Sale yana tsaye a gefenta.

Abin da na koya ke nan, ku rubuta tunda kun iya: in mara lafiya ya ruɗe da la'asar, kada ku yanke masa hukunci. Ku dawo da safe, ku bari ya gama magana.