Ma'aruf da Tallajar Kifi

Duk wanda ya zauna a unguwar Jarwal ta Makka ya san Ma'aruf mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ƙaton mutum ne mai tumbi. Idan ya hau tsani, masu gida kan manta da na'urar su shiga yi wa tsanin addu'a.

A Makka aka haife shi, haka ma ubansa. Kakansa ne ya taso da ƙafa daga wani ƙauye kusa da Kano, ya yi shekara bakwai a hanya, sannan ya shiga jirgin ruwa a Sudan. An ce tun da jirgin ya tashi yake amai har ya sauka. Yana taka ƙasa ya rantse cewa shi da teku har abada, da duk abin da ke cikinsa.

Wannan rantsuwa ce kaɗai gadon da ya iso hannun Ma'aruf, kuma ya riƙe ta da kyau. Shekara hamsin da takwas kifi bai shiga bakinsa ba. Nama kuwa, masu tsire na titin Mansur har ƙarar motarsa sun sani.

"Abin da ba a yanka ba, ya mutu ido buɗe yana kallonka?" yakan ce. "Ni Allah ya hore min rago."

Matarsa Asma a bakin ruwa ta yi ƙuruciya, can Sudan, da kifi aka yaye ta. Shekara talatin tana soya shi a ɓoye idan ya fita aiki, ta bi gidan da turaren wuta. Yana dawowa sai ya ɗaga hanci.

"Yau ma baƙi aka yi?"

"Baƙi aka yi, Abu Nora." Haka take kiransa, da sunan 'yarsu.

Bara ƙanin Asma, Sa'ud, ya buɗe wurin cin kifi a bakin tekun Shu'aiba. Rumfa ce kawai da kujerun roba da tabarmi. Ana tsakiyar bazara, wata Asabar da safe, ya bugo waya kamar zai yi kuka.

"Yaya Ma'aruf, ka rufa min asiri. Babbar tallajata, firijin nan, ta daina sanyi, kifin jiya da na yau duk suna ciki."

"Mayar da su ruwa."

"Ai sun mutu, Yaya."

"To ka yi musu sutura."

Kafin ya ajiye wayar, Asma ta riga ta sa abaya tana tsaye a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa. Bai ga wajen musu ba.

Da suka isa, ya fito daga mota yana kare gefen fuskarsa da hannu don kada ya haɗa ido da teku. Fanka ce ta ƙone a tallajar, sai da ya kai bayan azahar yana fama, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Tallaja na tashi, yunwa ma ta tashi.

"Ba ku da ko kaza?"

"Wallahi babu, Yaya. Amma akwai shinkafa."

Aka kawo masa shinkafa ja-ja-ja da soyayyar albasa a kai, da miyar tumatir mai yaji a gefe. Ya zauna ya ba ruwa baya, ya kai loma. Ya ƙara. Faranti ɗaya ya tafi, na biyu ya bi shi, ya ɗaga hannu aka kawo na uku.

"Wannan ita ce shinkafa! Asma, tambayi yadda ake yin ta. Shekara da shekaru kina ba ni fara fat kamar ta asibiti."

Asma tana gefensa tana ɓare ƙaton soyayyen kifi. Ta lashe yatsa, ta ce, "Sayyadiya ake ce mata. Da romon kan kifi ake dafa ta."

Hannunsa ya tsaya a tsakanin faranti da baki.

"Kan kifi?"

"Har da idon."

Ma'aruf ya dafe ciki, yana jiran ya ji abin da kakansa ya ji. Ya jira, ya jira. Cikin bai ce komai ba, sai ma alamar akwai sauran wuri.

"To ai mai faruwa ta faru," ya ce, ya jawo tiren Asma gabansa.

Ya cinye rabin kifinta. Sa'ud don murna ya kawo masa jatan lande soyayye. Ma'aruf ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce fara ce ta koyi iyo, ya share kwanon. Ba a yi minti goma ba leɓɓansa suka kumbura suntum, idanunsa suka ƙanƙance.

Asma ce ta ja motar zuwa wani ƙaramin asibiti. Aka yi masa allura, likita ya ce shi da jatan lande har abada. Ma'aruf ya yi ƙoƙarin magana, leɓɓa sun ƙi haɗuwa. Da ƙyar likitan ya gane tambayar.

"Kifin fa?"

"Kifi ba matsala."

A hanyar komawa dariya ta hana Asma ganin titi, har ta wuce kwanar Makka. Kafin su isa gida hotonsa ya zaga wayoyin dangi kaf.

Tun daga ranar, duk Asabar sai Ma'aruf ya ce tallajar yaron nan tana buƙatar dubawa. Lafiyarta ƙalau. Yakan buɗe ta, ya ƙwanƙwasa gefenta da sukundireba, ya rufe, ya wanke hannu ya zauna.

Yanzu har ya zama gwani. Mai soya kifin, wani tsoho mutumin Yaman da ya yi shekara arba'in a gaban kasko, ya gaji da jin cewa gishiri ya yi kaɗan, ya hana shi shiga kicin. Ta taga Ma'aruf yake ba da umarni yanzu.