Bulus da Ya Tsaya Mana a Hanyar Doma

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bulus ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya iske ni, ko kokona ban gama sha ba. Ɗansa Yakubu ne ya kira. Daga yadda ya ce "Mama" na ajiye kofin. Ya ce Baba ya tafi, gobe za a kai shi garinsu Kwandere.

Tun ɗazu nake zaune da wayar nan a hannu. Jikokina sun buɗe min shafin nan ne wai don in riƙa kallon hotunan biki. To yau ga amfaninsa. Ku yi haƙuri da tsohuwa, a hankali nake dannawa.

Yawancinku kun san shi ne tsoho mai keke, da adda ɗaure a kariya. Ba ku san shi direba ba. Ni na san shi direba, kuma saboda ni da mijina ya rasa tuƙin. Sama da shekara sittin ina fama da tambaya ɗaya a raina: ko yana da-na-sanin tsayawar da ya yi mana?

Bari in faɗa muku daga farko.

Lokacin Turawa ba su tafi ba, saura 'yan shekaru a sami mulkin kai. Motocin Lafia kana iya ƙirga su da yatsu, duk manya ne masu bodin katako. Mijina na fari direba ne. Har yau ba na kama sunansa, kuma ba yau zan fara ba. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma akwai shi da taka totur.

Bulus kuwa Hawainiya suke ce masa a tasha. Ba a hanzarta shi, balle hadari ya haɗo. Da an fara yayyafi zai tsaya ya goga ganyen taba a gilashi don ruwa ya riƙa zamewa, ya sa ƙaramar giya, ya leƙo da kai ta taga, ya yi ta rarrafe. Fasinja su yi ta mita: "Direba, da a ƙafa ne da mun kai!" Shi kuma ya ce, "To sauka ka tafi, ka gaishe su."

Mijina kan dawo gida yana kwaikwayon tuƙinsa da murfin tukunya, in yi ta dariya. Iyakar sanin da na yi masa ke nan.

Wani abu da yaran yanzu ba su sani ba shi ne shingen ruwa. Hanyoyinmu duk burji ne, babu kwalta. In aka yi ruwa mai ƙarfi, sai a sauke wani dogon katako a bakin gari a sa kwaɗo. Babu babbar motar da za ta fita sai ƙasa ta sha iska, don kada taya ta farfashe hanya. Direban da ya karya wannan doka, lasin ɗinsa ya tafi. Kowa ya san haka, Bulus ya fi kowa sani.

Ranar cin kasuwar Doma ce, tsakiyar damina. Ina amarya, lallen ƙafata bai gama fita ba. Na bi mijina in gaida gwaggona, ya zaunar da ni a gaba ina ta jin kaina.

Bayan azahar muka kamo hanyar komawa Lafia, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A wata kwana akwai kwalbati, ashe ruwa ya cinye gefenta. Na ji motar ta karkata a hankali, na ji mata suna salati a baya, sai ga mu kwance.

Ni ƙujewa kawai na yi. Mutanen baya wasu sun karye, wasu sun fashe. Shi kuwa sitiyari ne ya daki ƙirjinsa. Da aka jawo shi babu wani jini a jikinsa, sai numfashin da ke fita da ƙyar.

Wata mota ta zo. Na tsaya tsakiyar hanya ina ɗaga hannu, ɗankwalina ma ban san inda ya faɗi ba. Ta rage gudu, fasinja suka leƙo, ta kauce min ta wuce.

Na san dalilinsu. A lokacin in ka ɗauki mai rauni ya cika a motarka, 'yan doka za su riƙe ka su riƙe motar, ka yi ta zarya. 'Yan kasuwa kuma ba sa son loda kaya a motar da ta ɗauki gawa. Ranar ban zage su ba. Daga baya kam na zage su, ƙarya ba kyau.

Sai ga motar Hawainiya tana tafe, cike da doya.

Ya tsaya. Amma maimakon ya nufo mu, sai ya zaro adda ya faɗa daji. Ya sassaro ganye ya jera a kan hanya kafin kwanar, ya ruga ya jera ta ɗaya ɓangaren. Ni kuwa na buɗe baki ina ta masa ihu, mutum na mutuwa shi yana wasa da ganye.

Ya zo yana haki ya ce, "Amarya, ka yi haƙuri. In wani mota ya zo ya hau kanmu, wa zai ɗauki wa?"

Shi kowa "ka" ne a bakinsa, mace ko namiji. Kuma daga ranar bai sake kirana da wani suna ba. Na yi furfura, na yi tattaɓa-kunne, ina nan Amarya.

Ya hau mota ya fara watso doyar mutane cikin taɓo. Masu doya suna ta kururuwa, ɗaya har ya riƙe masa riga. Bulus ya ce, "Doya ba ya numfashi, sake ni." Aka shimfiɗa tamfol aka kwantar da masu rauni. Mijina aka sa shi gaba, kansa a cinyata.

A ɗakin shan magani na Lafia aka sauke sauran. Malamin da ke duba marasa lafiya ya danna cikin mijina, ya saurari ƙirjinsa, bai dube ni ba, Bulus ya duba. Ya ce jini na zuba ta ciki, wannan sai dokta, sai asibitin mishan can wajen Akwanga.

Muka juya. Muna wuce Bukan Sidi, wanda a lokacin 'yan bukkoki ne da gonaki, sai ga shinge a sauke, kwaɗo a rufe.

Mai gadin wani dattijo ne, tsohon soja. Bulus ya sauka ya cire hula.

"Baba, don Allah buɗe. Mutum ne a ciki, zai mutu."

"Yaro, makulli na wajena, amma izini ba nawa ba ne. Je ka sami injiniyan hanya."

"Kafin in samo shi fa, Baba?"

Dattijon ya leƙo ya ga mijina, ya kau da kai. Ya ce shi ma yana da iyali, in ya buɗe yau, gobe babu aiki. Ba mugu ba ne, na ga idonsa ya kawo ruwa.

Bulus ya durƙusa cikin taɓo. Ya haɗa shi da Allah, ya haɗa shi da iyayensa, ya yi da Hausa, ya yi da yarensu. Ban san tsawon lokacin ba. Ni dai ina jin numfashin da ke kan cinyata yana ƙara nisa da juna.

Can ya miƙe, taɓo har gwiwa. Ya ce, "Baba, matsa gefe kar katako ya buge ka. In an tambaya, ka ce ka hana ni."

Ya ja da baya, ya taho, ya daki shingen.

Ranar na ga Hawainiya na gudu. Motar na wutsil-wutsil cikin santsi, shi yana kokawa da sitiyari, yana ta cewa, "Ɗan'uwa, riƙe. Mun kusa, riƙe."

Ba mu kai ba.

A gindin duwatsun Eggon mijina ya damƙe hannuna. Na sunkuya ina faɗa masa kalmar shahada, leɓensa na bi. Sai hannun ya saki.

Na ce, "Direba, tsaya."

Ya tsaya. Ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Da ya gama ya share fuska da hularsa ya ce, "Ku kuna binnewa da wuri, ko? Mu koma kafin rana ya faɗi." Ya juya motar, ya kawo mu har ƙofar gida, ya tsaya can gefe har aka dawo daga maƙabarta.

Ina cikin takaba na ji an kai shi kotu. Aka karɓe lasin. Mai motar ya karɓe makullinsa, masu doya suka yi ta binsa da magana. Daga baya ya yi ta neman komawa, amma suna ya riga ya bi shi: mai fasa shinge, mai ɗaukar gawa. Babu wanda ya ƙara miƙa masa makulli. Ya koma Kwandere ya kama fartanya.

Shi ne fa na farko da ya iya mota a duk danginsu. Da ganga aka tare shi ranar da ya kawo lasin gida.

Na ɗauka ba zai so ganina ba. Sai ga shi da kaka, a kan keke, da sabuwar doya. Ya ce, "Amarya, ka ci ka yi ƙarfi." Haka kowace shekara. Da na sake aure, mijina Alhaji kan tsokane shi ya ce ina tasa doyar. Bulus ya ce, "Na Amarya ne, Alhaji. Kai ci albarka." Ni kuma da Kirsimeti in aika wa matarsa Rifkatu waina da miyar taushe.

A kan keken ma bai bar halinsa ba. Ko ina aka yi haɗari, in yana kusa, za ka gan shi yana saran ganye. In an gama kuma sai ya koma ya kwashe, wai in ana barin ganye a banza direbobi za su daina jin tsoronsa.

Da babban ɗana ya sayi mota, ya kai masa har gida ya ce, "Baba, ɗan zagaya da ita." Bulus ya shiga ya zauna, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya daɗe. Bai tayar ba. Ya fito ya ce mota mai kyau ne, Allah ya tsare. Ranar na koma gida ban iya cin abinci ba.

Sau nawa na buɗe baki in tambaye shi, in fasa. Tsoron amsar nake ji.

Ganinmu na ƙarshe da azumin da ya wuce ne, a gidan Yakubu, inda aka kawo shi jinya. Ya rame, ido ya tafi, amma da na yi sallama ya ce, "Amarya, ka zo?"

Muka taɓa hira. Na ga in ban tambaya yau ba, shi ke nan. Na ce, "Direba, tsakaninka da Allah, ka taɓa cewa da ka sani da ka wuce mu kamar waccan motar?"

Ya juyo da fuska wajen muryata kamar na zage shi.

"Wuce? Haba, Amarya. Lasin takarda ne."

Sai ya ce, "Abin da yake hana ni barci, roƙon nan ne. Na san ba zai buɗe ba. Tun da na ga kwaɗo na sani. Amma na sauka ina roƙo, don ina tsoron lasin ɗina. Da na buge katakon nan tun farko, da mun kai dokta."

Jama'a, ni ina can ina tsoron yana baƙin cikin abin da ya rasa, ashe shi kansa yake tuhuma da ran mijina. Duk doyar nan da yake kawowa, da wannan nauyin yake turo keken.

Na ce masa kwana ne ya ƙare. Na ce ko da jirgi ne ba za mu kai ba. Na ce, "Bulus, ba a cikin taɓo ya cika ba, a cinyata ya cika, da shahada a bakinsa, aka binne shi a garinsu. Wa ya ba ni wannan in ba kai ba?"

Ya saurare ni har na gama. Ya girgiza kai a hankali ya ce, "Da mun kai."

Na fito ban shawo kansa ba. Na ce bayan salla zan koma in sake gwadawa, ciwon ƙafa ya kwantar da ni, yau kuma ga wayar Yakubu.

Na san akwai masu zuwa ƙasan rubutun nan su tuna min shi Kirista ne ni Musulma. Na sani tun kafin a haifi iyayenku. Shi bai tambaye mu ba ranar da ya taka birki. Kada wanda ya zo min da gardama yau.

Ya Allah, Kai ka halicce shi, Kai ka ga durƙusonsa a taɓon nan, Kai ka san abin da ke zuciyarsa. Na miƙa maka lamarinsa. Ka ba Yakubu da ƙannensa haƙuri. Ka jiƙan mijina da duk waɗanda hanya ta ci.

Ku da kuka karanta, ina roƙonku, kowa ya yi masa addu'a yadda ya iya, na masallaci da na coci. Ku taya ni roƙon Allah ya sauke masa nauyin nan, ni na yi iya yina ban iya ba.