Zanen da Gwaggo Ta Rufe

Gidanmu na Zongon Kumasi kakan babana ne ya gina shi, bafataken goro, da maginan da ya ɗauko daga arewa. Ginin ƙasa ne mai kauri. Rufin zauren mai tulluwa ne, ɗaurin guga, da tasar tagulla manne a tsakiya, bangon kuwa duk zane ne da aka ja da yatsa tun yaɓen yana ɗanye.

Ɗakin gwaggo, ƙanwar babana, yana jikin zauren. A nan aka haife ta, nan ta dawo da mijinta ya rasu. Ranar da hukuma ta kafa allo a ƙofa, wai gidan tarihi ne, ko ƙusa kada a buga sai da izini, ta taɓe baki ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza."

Sai ga wani ɗan gaye da igiyar awo, yana ƙwanƙwasa bango, yana waya da yaren Twi ƙasa-ƙasa. Wallahi ni ma ban yarda da shi ba. Me ya kai baƙo ɗaukar hoton tsagar bangon mutane? Ya ce bayan sallah zai dawo da manyansa.

"Cewa za su yi gidan zai faɗi," in ji gwaggo, "su fitar da ni, su zuba 'yan kallo. Sun yi kaɗan!"

A wurinmu ba a barin manyan baƙi su ga tsiraicin gida. Ta kira magini daga Tafo, ya shafe zauren da siminti sumul, aka bi da koren fenti. Maƙwabta har barka suka shigo yi.

Da manyan suka zo, ɗan gayen ya daɗe yana shafa bangon. "Hajiya, ina zanen?"

"Yana ciki," ta ce. "Ba wanda ya taɓa shi."

Ashe rufin suka zo gyarawa, saboda zanen. Suka fita, ba su sake dawowa ba. Siminti ya hana ƙasar shan iska, damina ta kumbura bangon, ya zube har da ɗakinta. Abin ya ci ni ƙwarai.

Yanzu tana Asokore Mampong wurin 'yarta, tasar tana ƙarƙashin gadonta. Duk zuwan da na yi sai ta kama hannuna.

"Ban faɗa maka ba? Ai sai da suka fitar da ni."