Maɓallan Lawali

Cikin 'yan shekarun da na yi ina koyarwa kafin na dawo gida na zauna, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Laraba a ƙarshen shekarun saba'in. Ina ba ku labarin ne, ku 'ya'yana da kuka shiga aikin yanzu, saboda rajista.

Lokacin an buɗe firamare ko'ina, malamai sun yi ƙaranci, sai aka ɗauke ni da takardar sakandare aka ba ni aji biyar a wani ƙauye tsakanin Bunguɗu da Rawayya. Ƙa'ida ita ce a kira suna sau biyu, da safe da kuma bayan an dawo tara, wato hutun karin kumallo. Wanda ya amsa a ja masa sanda, wanda ba ya nan a sa masa sifili. Amma mu duka, har hedimasta Malam Garba, da safe muke jan sandunan biyu, mu huta. Mai duba makarantu in ya zo daga Gusau, rajista ya ga ta cika fes.

Ni kuwa ina da allura da zare a jaka. Yaron da maɓallinsa ya faɗi, da tara nake ɗinka masa. Wata Litinin na kira Lawali Ɗanjuma, yaro mai shiru mai kyan rubutu, don na ga rigarsa a buɗe. Na duba gurbin maɓallan. Maɓallin da ya tsinke wajen wasa yakan bar zare buzu-buzu. Waɗannan da reza aka yanke su, duka huɗun.

Na ce, "Lawali, wa ya yi maka wannan?"

Ya ce, "Malama, ki bar ta haka. Rigar wuta ce in da su."

Na ɗaga kai. Yara shida ne a ajin rigunansu a buɗe, duk suna kallona, ba mai ƙifta ido.

Washegari na kira suna, na ce, "Lawali Ɗanjuma." Shiru. Na sake. Sai ya ce, "Lawali kaɗai. Ba ni da uba garin ga." Sauran biyar ɗin ma haka, kalma ɗaya, murya ɗaya, kamar an karanta musu.

Na kai wa hedimasta. Ya yi dariya ya ce, "Malama, tausayinki ya yi yawa. Ƙuruciya ce. Ba ga su nan cikin rajista kullum ba?" Na koma aji ban gamsu ba, domin bayan tara darasin gona ake fita, ajujuwa su cakuɗe, ba wanda ke ƙirga kowa.

Ranar Laraba, da aka dawo tara, na buɗe rajista na kira suna na gaske. Shida babu. Wata yarinya, Saratu, ta fashe da kuka. Ta ce akwai wani baƙon malami da ke zama gindin tsamiya bayan tsohuwar rijiya, yana ba su dabino, yana ce musu sallar iyayensu ba salla ba ce, duk mai agogo ko keke ko maɓalli ɗan wuta ne. Ta ce yau mota za ta kwashe su.

Ban nemi izinin kowa ba. Na aika ta wurin mai unguwa, na ja mayafina na kama hanya ina ta Hasbunallahu. Rana tsaka ce, amma gindin tsamiyar nan tsit, ko kukan tsuntsu babu. Yara biyar na zaune a layi, sun tuɓe takalma, sun fuskanci titi. A gabansu wata 'yar ƙwarya ce cike da maɓallai, sun fi na riga shida yawa nesa ba kusa ba. Har yau ban san na 'ya'yan su wane ne sauran ba.

Na ce, "Ina Lawali?"

Ƙaraminsu ya ce, "Malam ya tafi da shi tun ɗazu. Shi ya fi haddacewa. Mu ana dawowa ɗaukarmu."

Na zauna a ƙasa na riƙe hannayensu har mai unguwa ya iso da iyaye. An bi sawu har tashar Gusau, wani direba ya ce ya sauke su a Tsafe. Daga nan labari ya yanke.

Da la'asar Malam Ɗanjuma, mahaifin Lawali, ya zo makaranta, fartanya a kafaɗa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malama, ku da ke rubutawa, duba mani tun yaushe yaron ga ya fara ɓacewa."

Na buɗe rajista. Yaran sun ce mako uku Lawali yana zuwa gindin tsamiya, amma ko sifili ɗaya babu. Har ranar Larabar, ga sandarsa ta rana nan tsaye, da hannuna na ja ta tun da safe.

Biyar ɗin na ɗinka musu maɓallai da kaina, limamin gari ya zauna da su, a hankali suka koma amsa sunan iyayensu. Mu malaman ba mugaye ba ne, gajiya ce da son sauƙi. Amma ku ji ni: kada ku ja wa yaro sanda sai kun ɗaga kai kun ga fuskarsa. Ni na ɗebo maɓallai huɗu daga ƙwaryar nan, suna cikin gwangwanin zarena. In na idar da salla ina ambaton Lawali, da sunan ubansa.